Yadda Nana Hauwa Ta Jera Yaƙoƙin Ƙararrawa

Ni dai ban yi niyyar yi wa kakata ƙarya ba, Allah ne shaidata. Bakina ne ya riga ni, kuma da ya fara sai da ya yi sati uku bai huta ba.

Sunana Kausar, a Bodinga gidanmu yake. Kakata ta wajen uwa, Nana Hauwa, tana Mandera ta ƙasar Shagari. Mijinta Malami, kakanmu, ya rasu ana gama cire albasa. Nana ta yi takaba ta gama, 'yan gaisuwa suka watse, damina ta sauka, amma ita ta ƙi fitowa daga ɗaki. Matar da in ta yi dariya a tsakar gida sai an ji a bakin rijiya, ta koma fura ma kurɓa biyu take yi ta ture ƙwaryar. Innata ta je ta gano ta, ta dawo tana kuka, ta ce in tattara in tafi tunda zaman jiran sakamakon jarrabawa nake yi.

"Ba ni son komi gare ki," in ji ta, "ki dai sa ta ci abinci."

Na yi sati ina lallashi. Na yi tuwon gero da miyar kuka, na yi ɗanwake, na yi barkwanci har muryata ta dushe. Nana ta dube ni kawai ta juya wa bango fuska. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga tana bin mijinta a hankali.

Ranar nan da hantsi muna bakin rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa a ciki, ni da Inna Hajara matar ƙaramin kawuna. Muna tsince ruɓaɓɓu don kada su shafa wa masu lafiya. Aikin ba ya ƙarewa, ga wari, sai na jingine wayata a jikin ƙwarya na kunna abin da Bashar mai tura finafinai a tashar Bodinga ya cika min kati da shi. Katun ne na Japanawa, irin wanda samari ke kira anime. Sunansa na ainihi ya ƙi zama a bakin kowa, mu Yaƙoƙin Ƙararrawa muke ce masa.

Labarin ba wuya. Akwai wata ƙararrawa a kan dutse, a tsakar wani gida mai katanga da icce ɗaya. Duk shekara talatin takan farka, sai gidajen matsafa su fito su gwabza, wannan na watsa wuta, wancan na mai da takarda tsuntsu mai yanka. Wanda ya rage ya kaɗa ta, sai a mayar masa da rana ɗaya tak daga cikin kwanakinsa da suka wuce, ya sake rayuwarta. Yaƙi huɗu aka yi: na Toka, na Kogi, na Takarda, na Ƙanƙara. Inda gizo ke saƙar shi ne, masu yin katun ɗin ba su fitar da su a jere ba, kuma ba su sa musu lamba ba. Sun fara da tsakiya, suka koma baya, suka yi tsalle gaba. Mutanen duniya sun shekara shida suna zagin juna a waya kan wanne ya riga wanne.

"A'uzu billahi, wanga ai tsahi na," in ji Inna Hajara, tana matso da kujerarta kusa da wayar.

Muna tsakiyar Yaƙin Toka sai na ji murya a bayana.

"Wa ka kuka haka awa an taka wutsiyar kyanwa?"

Nana ce tsaye a ƙofar ɗaki, riƙe da bango. Na yi saurin cewa katun ne, zan kashe. Ba ta ko dube ni ba. Idonta na kan wani dattijo mai furfura da ya fito a wayar, dogo, siriri, da baƙar laima a hannu. Abokan gaba suka watso masa wuta, ya buɗe laimar, wutar ta tarwatse. Sai na tuna, kakanmu Malami ba ya fita ko nan da masallaci sai da baƙar laimarsa, ruwa ko rana. Tana nan saƙale a rufin ɗakin Nana, ba wanda ya taɓa ta tun ranar da ya rasu.

Nana ta jawo turmi ta kifa ta zauna. "Mi yac ce?"

Daga nan na zama tafinta. Ina karanta Turancin da ke gudu a ƙasan hoton ina mayar mata da Hausa. Ta raɗa wa dattijon suna Mai Laima. Kwana huɗu muka yi muna kallo, tana fitowa da kanta, har tana tsintar albasa ba ta sani ba. Ni kuwa sakarya, murna ta sa na manta yadda Yaƙin Toka ke ƙarewa. A rana ta biyar Mai Laima ya tare wa 'yarsa wata tsawa, laimar ta ƙone, iccen tsakar gidan ya kama da wuta, shi kuma ya faɗi bai tashi ba.

Nana ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ko kurɓa biyun ba ta yi ba. Na zagi kaina, na zagi Bashar, na zagi Japan da duk wanda ke cikinta.

Washegari Inna Hajara ta matsa sai mun ga na gaba. Na kunna Yaƙin Kogi da sauti ƙasa-ƙasa. Wannan shi aka fitar na biyu, amma kowa ya san ya riga na Toka da shekara talatin, lokacin Mai Laima na saurayi. Yana fitowa a bakin wani kogi, gashi baƙi wuluk, yana juya laima a yatsa, sai guɗa ta tashi a bayanmu har kaji suka watse.

"Ayyiriri! Ya dawo! Hajara, ɗan banzan ya dawo, har da ƙuruciya!"

Nana ce, tana tafi, tana dariya, haƙoranta huɗu duk a waje. Ta riƙe kafaɗata ta girgiza. "Kausaru, ƙararrawat ta maido shi ko?"

To ku gaya mini, me zan ce? In ce a'a Nana, wannan tsohon labari ne, mutumin yana nan a mace? Na buɗe baki na ce, "Ƙwarai kuwa. Ɗiyarsa ta kaɗa ta, ya tashi."

Ranar ta cinye malmala biyu, ta ce miyar ba gishiri, ta nemi ƙari.

Wayyo ni, ashe ƙarya ɗaya ba ta zama ita kaɗai. Matar Mai Laima ta fito budurwa, ba ta ma san shi ba, har ta jefa shi a kogi. Nana ta ce yaya haka? Na ce ai fushi take yi don ya mutu bai yi sallama ba, sai ya sake neman aurenta daga farko.

"Daidai ta yi!" in ji Nana. "Shi sha wuya!"

Wani mugu mai ido ɗaya da muka ga an kashe a Yaƙin Toka ya fito da idanunsa biyu garau. Na ce da aka buɗe ƙofa Mai Laima ya fito, shi ma ya laɓaɓo ta baya, kuma a can aka gyara masa idon. Da muka kai Yaƙin Takarda, inda 'yarsa ta girma ta karɓi yaƙin shi kuma babu shi sam, na ce ya tafi cin rani. Inna Hajara ta tambayi wane gari, na ce Fatakwal ɗin Japan. Yaƙin Ƙanƙara ne kawai ya ba ni hutu, don mayaƙan duk sun rufe fuska, ba a gane kowa. Ana gama shi Nana ta ce a mayar mata da na Kogi. Sau uku muka kalle shi. Kumatunta suka fara dawowa, ta koma faɗa da awaki, ta koma leƙa tukunyar kowa.

Ni kuwa kullum a tsorace nake. Na san ranar da ta gano, ɗaki za ta koma, kuma wannan karon ba ta da jikar da za ta yarda da ita.

Sai na yi babban kuskure, na ba Faruk labari a waya. Faruk ɗan babban kawuna ne, taubashina, malamin lissafi a garin Shagari. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna kan komai ba, ko kan yawan ƙafafun gizo-gizo. Shi ya fara nuna min katun ɗin, kuma ya ɗauke shi kamar karatun gado. Ina ba shi labarin cin ranin Fatakwal ina dariya, sai ya katse ni.

"Kausar, kin lalata tarihi."

"Tarihin gidanku! Katun na fa."

"Shekara casa'in na yaƙi kin dagula su cikin sati uku. Ina nan zuwa Asabar."

Na ɗauka wasa yake. Ranar Asabar da hantsi sai ga ƙarar babur, sai ga Faruk da laka har gwiwa, ya ɗauro wani ƙaton kwali a naɗe a bayansa. Na tare shi a zaure na kama kwalin. Ya ja, na ja. Na fizge na ruga tsakar gida, ya biyo ni, muka zagaya rudu sau biyu, Inna Hajara na ihu kada mu tattake mata albasa. Na cilla kwalin bayan turken awaki, wata akuya ta yi bismilla da gefensa. Faruk ya yi kururuwa kamar shi aka ciza, ya faɗa cikin awakin ya ƙwato abinsa.

"Kai, kai, kai! Wane ango na wanga, da shigowa sai kokawa da akuya?"

Nana ce ta fito, da ƙwaryar fura a hannu. Haka take kiran jikokinta maza, ango. Faruk ya juyo zai gaishe ta, sai ya tsaya. Rabonsa da ita tun tana kwance ba ta magana. Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙwaryar da ta kusa shanyewa, ya dube ni. Na haɗa hannu biyu ina roƙonsa da ido. Allah ya yi masa albarka, ya gane. Ya fara mayar da kwalin bayansa.

"Lahiya lau, Nana. Wanga ba komi ba na, aikin makaranta na."

"Aikin makaranta da hoton Mai Laima? Shimhiɗa in gani."

Ba yadda ya iya. Ya shimfiɗa a kan tabarma, Nana ta ɗora ƙafa a gefe ɗaya don kada ya naɗe. Kai, mutumin nan ya yi aiki! Layi ja, layi shuɗi, kibiyoyi, sunayen gidajen matsafa da wanda ya haifi wane, ga hoton kowane yaƙi ya manna a jere: Kogi, Toka, Takarda, sai Ƙanƙara a ƙarshe, inda akuya ta ɗan rage. Duk mai ido zai ga saurayin yana gaba, mai furfura yana binsa.

"Nana," in ji Faruk yana in'ina, "daga dama aka karanta shi, awa allo. Wato, Toka ya..."

"Rufa min baki, ango. Ƙarya ba ta yi maka kyau, bar wa Kausaru abinta." Ta duƙa tana bin hotunan da yatsa. "Wa yas sa na Ƙanƙara a ƙarshe?"

Nan take malamin lissafi ya farka a jikinsa, ya manta da ni. Ya ce shi aka fitar a ƙarshe, makamansu sun fi na kowa kyau, kuma manyan masana a waya sun yi ittifaƙi jikokin 'yar Mai Laima ne a bayan rufin fuskar.

"Masanan ba su taɓa dasa icce ba," in ji Nana. "Hajara, miƙo min albasa huɗu. Ƙarama, matsakaiciya, babba, da waccan da tat tsira."

Ta jera su a kan tabarma. Ta ɗaga ƙaramar.

"Iccen nan na tsakar gidan ƙararrawa, ku ba ku dubinai? Ku dai wuta da tsalle-tsalle. A Yaƙin Ƙanƙara kaurinai awa taɓarya." Ta ajiye, ta ɗauki matsakaiciyar. "A na Kogi ya kai turmi." Ta dafa babbar. "A na Toka mutum biyu ba su rungume shi, nan yaƙ ƙone." Ta ɗaga mai tsiron da koren ganye a ka. "A na Takarda kututture na, ya yi toho. To gaya min, a garinku icce ramewa shika yi in ya tsuhwa?"

Faruk ya dubi albasar mai tsiro. Sai ya yi tsalle. "Sabo anka dasa! Bayan wancan ya ƙone sai anka dasa wani!"

"Da gwiwa guda? Duba ka gani. Ya karkata hagu, ya yi gwiwa daidai kan katanga, sannan ya rabu biyu. Iccen da anka dasa daga baya ba shi gadon karkatar wani."

Faruk ya fizge wayata. Ya nemo Yaƙin Ƙanƙara, ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu. Ga siririn icce cikin farar ƙanƙara, ya karkata hagu, da gwiwarsa. Ya nemo na Kogi, ga gwiwar. Ya nemo na Toka, ga ta nan, ta yi kauri. Sai mutumin nan, malami guda mai gemu, ya cire hula ya jefa sama ya zagaya tsakar gida da gudu.

"Na farko na! Yaƙin Ƙanƙara na farko na! Kakanni na, ba jikoki ba! Shekara shida! Nana, shekara shida duniya na gardama!"

"Duniya ba ta da aikin yi," in ji Nana, ta kurɓi furarta.

Inna Hajara ta yi dariya har ta faɗo daga kujera. Faruk ya durƙusa yana ɗaukar hoton albasan nan huɗu ta kowane gefe, yana rantsuwa yau sai mutanen Japan sun san sunan Mandera. Ya ɓare hoton Ƙanƙara daga ƙarshen kwalin ya manna a farko da miyau. Ni ma ina ta dariya, ina tafi, ina ce masa ga masanin da tsohuwa ta kayar da albasa.

Ina cikin dariyar idona ya koma kan tabarma. Matsakaiciya tana gaba, babba tana binta. Kogi, sannan Toka. Da hannunta ta jera su haka. Na daina dariya.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Nana. Tun yaushe?"

"Tun randa yaf fito bakin kogi. Ina ganin iccen nis sani."

"Amma kin yi guɗa. Kin ce ya dawo."

"Na yi. Daɗi nij ji." Ta ajiye ƙwaryar. "Kausaru, shekarata saba'in da wani abu. Na san wanda yam mutu ba shi dawowa, ko a Japan."

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo. Na ce ta yafe min, tsoro nake ji kada ta koma ɗaki. Na ce to me ya sa ta bar ni ina ta zuba, har da Fatakwal?

"Don naki ya hi nasu daɗi. Kullum in kwanta ina tunanin ƙaryar da za ki yi gobe." Ta ja kunnena a hankali. Sai muryarta ta sauka, har Faruk ya daina ɗaukar hoto. "Kakanku a hannuna yac cika. Wata huɗu da kwana goma, in na rufe ido ba ni ganin komi sai wannan huskar, ta ƙarshe. Na nemi ta ƙuruciya na rasa, wallahi na rasa. Sai ga mutanen ga sun nuna min mutuwar mutum da fari, sannan sunka kawo shi saurayi. Nic ce ashe ana haka? Ashe ina iya ganin wancan in wuce, in ajiye wanga a ƙarshe?"



"Ran nan nit tuna," ta ci gaba. "Kasuwar Kajiji, ruwa na zuba, ina ɗauke da ƙwaryar nono. Wani dogon yaro ya biyo ni da laima, ya rufe nonon, ya bar ni ina jiƙewa. Wai kada ruwa shi shiga ciki." Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ɗan banza! Shekara hamsin da uku ina yi mai gorin wannan."

Faruk ya share ido da hularsa, ya fara naɗe kwalin a hankali.

"Tarihinka daidai na yanzu, ango, kai wa masananka," in ji Nana. Ta miƙa hannu ta ɗauki matsakaiciyar albasar daga wurinta, ta tsallake babbar, ta tsallake mai tsiro, ta ajiye ta can ƙarshen layi. "Amma a gidan ga, nan taka zama. Kausaru, kunna min na Kogi."

Na jingine wayar a jikin ƙwarya na kunna. Rana ta riga ta taso, haske ya cika gilashin, ba a ganin komai sai inuwarmu. Na ce mu koma ɗaki.

"Ɗaki ya ishe ni," in ji ta.

Ta tashi ta shiga da kanta. Muka ji motsi a rufin. Ta fito da baƙar laimar Malami, ta busa ƙurar da ke kanta, ta buɗe. Ƙarfe ɗaya ya karye, gefen ya saki. Ta zauna a kan turmi ta karkata laimar a kan wayar, rana na dukan bayanta, har fuskar saurayin ta fito sarai a bakin kogi.

"To," in ji ta, "mi yac ce?"